Launin Gyalen da Ya Ƙone

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na iso garinmu Takaoka cikin ruwan sama. Hutun wata guda na ɗauka daga ofis, kuma ba wanda ya tambaye ni dalili. Wannan ya nuna min matsayina a wurin.

Ranar 22 ga wata za a yi wa Mama aikin zuciya. Likita ya ce a shekarunta "akwai abin dubawa". Haka suke cewa idan ba sa son furta ɗaya kalmar.

Ta buɗe min ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa. "Kin rame. Ko ƙiba kika yi? Wani abu dai ya lalace." Sannu da zuwan ke nan.

Ɗakina ya zama ma'ajiyar barguna. Na ture su gefe na samu wuri.

Talata, 5 ga Nuwamba

Ashe ba jinya aka kira ni ba, aike ne.

Da safe ta ja ni ɗakin magabata. Ta ajiye shinkafa da shayi, ta kunna turare, ta buga 'yar ƙararrawa, sannan ta nuna min saman ƙofa inda hotunan mamatanmu suke jere. Kaka namiji, Kaka mace, sai Baba.

Shekara arba'in Baba yana rataye da kyamara a wuya. Ya ɗauki kowa, har karen maƙwabta, shi kuwa ba wanda ya ɗauka. Da ya rasu shekara uku da suka wuce, masu shirya jana'iza suka ce a kawo hoto kafin gari ya waye. Ƙanena Nobuaki ya ba su hoton taron 'yan unguwa, inda kan Baba bai fi ƙwayar wake ba. Suka yanko kan, suka hura shi, suka ɗora a kan baƙar kwat ta wani mutum mai faɗin ƙirji. Haka suke yi wa kowa. Ina wurin, ban hana ba, ina lissafin jirgin komawa.

"Kan Babanku ne, kafaɗun wani," in ji Mama. "Kullum safiya ina kai wa baƙon namiji shayi."

Tana son nata ya zama a shirye, cikin firam, kafin ranar 22. Kuma ba kowane ba: wanda Baba ya ɗauke ta a ƙarƙashin bishiyar kanya a lokacin kaka na ƙarshe da ya gani a duniya, tana sanye da gyalen nan.

"In ban farka ba, ba na son Nobu ya miƙa musu katin asibitina su dasa kaina a wuyan wata."

Na ce babu wanda zai mutu.

"Jami'a kika je don ki gaya min wannan?"

Gyalen. Na tuna shi sama-sama, tsakanin kore da shuɗi. Ita ta ninke shi da hannunta ta sa a akwatin gawarsa. A nan ƙona gawa ake yi, ya ƙone tare da shi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Kwamfutar Baba ta ɗauki lokaci kafin ta farka, kamar mai ita. Hoton yana nan.

Ban shirya masa ba. Rana ta faɗo ta gefe, 'ya'yan kanya jajaye a bayanta, gyalen kuwa kamar an kunna shi. Ba kore ba ne, ba shuɗi ba ne, irin launin ruwa mai zurfi a rana. Bakinta a buɗe kaɗan, da gani faɗa take yi wa mai ɗaukar hoton, amma idanun dariya suke. Ban taɓa ganin ta dubi kowa haka ba. Ni dai ba ta taɓa ba.

Baba a gida yake buga hotunansa da na'urarsa. Na tambayi inda take. Tawadar ta bushe, Nobuaki ya fitar da ita ranar kwashe manyan shara. Ƙanena mutum ne mai son tsabta.

Saboda haka na kwafi hoton na nufi layin shaguna. Rabinsu a rufe, ƙofofin ƙarfe sun yi tsatsa. Shagon wankin hoto yana nan, kuma wadda ke bayan kanta Fumino ce, 'yar ajinmu a sakandare, wadda ta auri ɗan mai shagon, ta yi masa jana'iza, ta gaji na'urorin.

"Kai! Farfesa Rieko! Wace iska?"

"Ni ba farfesa ba ce."

"To me kike yi a Yokohama?"

"Ina rubuta littattafan bayanin yadda ake aiki da injin wanki da tukunyar shinkafa."

"Au, ke ce kike rubuta abin nan da muke shimfiɗawa a ƙasan kwandon shara?"

Ta yi furfura, ba ta rina ba. Shagon cike da matasan iyaye masu zaɓen hoton jarirai don katin sabuwar shekara. Na zauna gaban na'urar, na danna abin da ta ce in danna. Gobe in zo in karɓa.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Mama ta riƙe hoton a nesa, ta matso da shi, ta sake nisanta shi.

"Wannan ai an riga an yi jana'izar."

Fuskar ta fito launin toka. Kanyar kamar ta kwana a firji. Gyalen kuwa ruwan wankin kwano.

Na ce takarda ba allon kwamfuta ba ce, kuma ta tuna likitan ido ya ce tana da yana a ido. Ta ce yanar ba ta hana ta ganin na sa rigar jiya ba. Ta kife hoton a kan tebur ta ci gaba da ɓare lemo.

Gaskiya ni ma na gani. Tun a shago na gani. Na so dai a ce an gama.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Nobu a waya daga Nagoya: "Yaya, hoto ne fa kawai. Mutanen jana'iza suna da kwamfuta, su gyara." Na ce na ga aikinsu. Ya ce zai zo ran aikin in an ba shi izini. Ana kiran sa cin abinci a bayansa, murya uku.

Mun ci namu mu biyu, talabijin na magana a madadinmu.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na koma wa Fumino da hoton. Ta kai shi bakin ƙofa, ta karkata kai.

"Ya ɗan yi sanyi. Allo haske ne da shi a baya, shi ya sa kowa yake zaton matarsa ta fi haka kyau. Bari in ƙara masa wuta."

Ta ƙara ja, ta ƙara ƙarfin launi, ta wanko min nan take ba ta karɓi komai ba. Na kawo gida da ɗan alfahari.

Mama: "Madalla. Da gawa ce, yanzu kuma na sha giya."

Fuskar ta koma kamar dafaffen jatan lande. Gyalen bai motsa daga ruwan kwanonsa ba, sai dai kwanon ya ƙara datti.

Na ce, da muryar da nake amfani da ita a taron ofis, mu duba ko akwai wani hoton da zai fi sauƙin fitowa. Akwai na bikin 'yar Nobu, Mama ta sa kimono, rigar gargajiya, an yi mata gashi.

"A can ina kallon mai hoton da aka biya. A nan ina kallon Babanku." Ta tattara ɓawon lemo a tafin hannu. Sai kuma, ba tare da ta ɗago ba: "Ni dai ina da mai yi min yawon shago. Ke wa zai zaɓa miki naki?"

Ba da mugunta ta faɗa ba. Da ma da mugunta ne.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na duba wayata don in ƙaryata ta. Hoton lambar wurin da na ajiye keke. Hoton mitar gas. Bayan wani injin wanki, kusurwa huɗu. Takardar magani. Wata kyanwa da ban sani ba.

A ɗakina na Yokohama babu ƙusa ko ɗaya a bango. Na sha gaya wa mutane tsari ne.

Saura kwana tara. Mama tana hawa matakala biyu ta tsaya kamar tana tuna wani abu.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Baba Kuwabara ya zo kunna wa Baba turare. Shi ne shugaban ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta tsofaffin garin, ya haura tamanin, hularsa a karkace kamar mai zane. Ya ga hotunan biyu a kan tebur ya ja tsaki.

"A shago kika wanke? Hoton da Babanki Masatsugu ya ɗauka, a shago? 'Yata, shago na hoton jikoki ne da lasisin tuƙi."

Na ce a allo lafiya lau yake.

"Dole! Ni na saita masa kyamarar da hannuna. Mu a ƙungiya ba ma ɗauka da ƙaramin awo. Babban awo, Adobe RGB. Akwai koren da ƙaramin bai san da shi ba. Wanda ya ɗauka da ƙaramin, sRGB, to, ya je ya ɗauki abincin rana da waya."

Ya yi kusan awa yana bayani, yawancinsa a kan kyaututtukan da ya ci. Mama tana ta ƙara masa shayi, wanda a gidan nan yake nufin ka tashi ka tafi.

Da ya tafi na ɗauko kyamarar Baba daga kabad, na sa mata caji, na shiga saitinta. Ga shi nan, yadda ya faɗa.

Na sa takalmi na koma shago. A gefen na'urar da na zauna gabanta sau biyu, daidai gwiwata, akwai 'yar takarda da rana ta ci: na'urar nan da sRGB kawai take aiki, a juya hoto kafin a kawo.

Shekara ashirin ina rubuta irin wannan jimla, ina jin haushin mutanen da ba sa karantawa.

Ga yadda na fahimce shi, na rubuta don kada ya gudu. A kicin muna da kofi biyu, na awon shinkafa da na awon ruwan miya, kuma na miya ya fi girma. In an rubuta "kofi uku" ba a faɗi wanne ba, mai girki zai ɗauki wanda ya saba. Hoto lambobi ne: ja kaza, kore kaza, shuɗi kaza. Baba ya auna da babban kofi. Kwamfutarsa ta san haka, shi ya sa take nuna daidai. Na'urar shago ba ta tambaya, ƙaramin kofi take ɗauka ta zuba adadin da aka rubuta. Komai ya fito a gajarce. Ƙara ja da Fumino ta yi kuwa, kamar a ga miya ta yi kaɗan a ƙara gishiri ne.

Ban gaya wa Mama cewa ba idonta ba ne. Ta sani.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Fumino ta leƙa ƙarƙashin na'urar. "Au, wannan? Marigayi mijina ne ya manna. Na ɗauka gargaɗin wutar lantarki ne." Ta yi dariya har ta dafa kanta. "Shi ya sa tsofaffin nan suke zuwa duk kaka su yi min ihu a kan ganyen bishiya! Ni na ɗauka tsufa ne."

"Tsufan ma yana ciki."

Ta ce akwai wani wurin buga hoto a Tokyo da yake karɓar babban awon, da tawada kala-kala, irin na masu baje koli. Ta kira min su tana tsaye, da muryar waya mai zaƙi wadda ban san tana da ita ba. Lokacin katin sabuwar shekara ne, layi ya yi tsawo. Sai farkon Disamba.

Farkon Disamba ba shi da amfani ga wadda za a buɗe wa ƙirji ranar 22.

"To sai ki juya shi zuwa ƙaramin," in ji ta. "Ke ce mai karanta littafi."

Ta ba ni ɗanwaken shinkafa mai zaƙi a takarda, wai in kai wa Mama. Na cinye a hanya, a tsaye, ƙarƙashin rumfar shagon takalman da ya rufe. Rabon da wani ya ba ni abu a takarda, na manta.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Wuni guda a kujerar Baba. Ta lotsa daidai jikinsa, ba nawa ba.

Juyawar kanta ba wuya, umarni ɗaya ne a manhajarsa: a sake auna kowane launi da ƙaramin kofi, a rubuta sabon adadi. Fuska ta zauna. Kanya ta zauna. Katangar, ganyen, rigar, duk sun shiga ba gardama.

Sai gyalen.

Manhajar tana da wani maɓalli da ke shafa toka a kan duk launin da ba zai shiga ƙaramin awo ba. Na danna. Hoton duka lafiya, sai wuyan Mama kawai aka shafe da toka, daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Baba Kuwabara ya yi gaskiya a abu ɗaya, abin haushi: akwai koren da ƙaramin bai san da shi ba, kuma shi Baba ya saya wa matarsa.

Hanya biyu. In bar shi da ƙarfinsa, ya tsaya a iyakar abin da takarda za ta iya: zai yi haske, amma duk inuwoyin da suka wuce iyaka za su haɗe su zama launi ɗaya, kamar an shafa fenti, ba zare, ba ninki. Ko kuma in rage masa ƙarfi da hannu har ya shiga gaba ɗaya: saƙar za ta fito, amma wutar ta ragu.

Na zaɓi ta farko. Na sake zaɓar ta biyu. Na tashi na dafa shayi. Na saba yanke irin wannan hukunci ni kaɗai in aika wa mutane sakamako, haka na yi da aurena ma, kuma ya fi sauri.

Na kwafi duka biyun na kai wa Fumino, ƙanana, na gwaji.

Talata, 19 ga Nuwamba

Ruwa ya ɗauke da hantsi. Na shimfiɗa mata matashi a baranda, inda haske yake da gaskiya, na ajiye mata su biyun a kan cinya.

Ta fara duban fuskar. Ba ta kushe ba, wanda a bakin Mama lambar yabo ce.

Na yi mata bayanin kofuna. Ta ce ta san kofi tun kafin a haife ni, in je ga magana. Na ce gyalen ba zai fito yadda yake ba, ko wanne ta ɗauka akwai abin da za a rasa, kuma ita ce za ta zaɓa.

Ta ɗaga mai hasken. "Wannan ya fi kusa." Ta daɗe tana kallo. "Amma kamar leda."

Ta ɗaga ɗayan, ta kai shi dab da hanci. Sai ta sa farce a wani wuri kusa da kafaɗar hagu.

"Kin ga nan?"

Wani ɗan zare ne da ya zazzago, ya yi ƙugiya. A mai hasken babu shi sam, fentin ya cinye.

"Agogonsa ne. Ranar da ya kawo shi, wai shi zai ɗaura min, kamar a fim. Maɗaurin agogo ya kama. Sabon gyale, ko awa ɗaya bai yi a gidan ba. Na yi masa faɗa har dare." Ta ja hanci. "Da ma na ce masa ya yi min ƙara, mace mai shekaruna da launin tsuntsu. Sai ya dame ni nake sawa."

Ban san wannan ba. Ban san komai game da su ba, in an cire lokutan cin abinci.

"Wannan," ta ce, ta miƙo min mai zaren. "Amma launin ba shi ba ne."

"Takarda ba ta iya ɗaukarsa, Mama. Akwai wani wuri a Tokyo, in mun jira zuwa Disamba..."

"Ba na jira." Ta dubi bishiyar, wadda ba kowa ya tsinke bana ba, tsuntsaye suna ta aikinsu. "Ya tafi da shi ke nan. Bar masa."

Na shiga ciki na wanke kofunan da suke a wanke.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Fumino ta wanko babban hoton jiya. Na tsaya a kanta ta kashe gyaran da na'urar take yi da kanta, ta ce ko surukarta ba ta taɓa tsaya mata haka ba. Firam na katako mara ado. Ta naɗe shi da kanta, ta ce, "Ki gaya wa Mamanki, Inna Tokiko, wanda ya shirya hotonsa da wuri shi yake daɗewa. Duk tsofaffin da na yi wa suna nan suna damuna."

Mama ta sa na jingina shi a ƙasa, ƙarƙashin na Baba, ta ja baya ta duba su tare. A hoton ita tana kallon sama kaɗan, ta hagu. In an rataye shi a gurbin da ya rage, shi za ta riƙa kallo. Ban lura da wannan ba sai yau. Ita ta lura tun shekara uku.

"To," ta ce. "Ko ba komai zai ga fuskar da ya sani, ya daina jin kunyar kwat ɗin mutane."

Ta sa na saka shi a kabad ɗin barguna, fuska ga bango, na kuma kira Nobu a gabanta na gaya masa inda yake. Sannan ta ɗauki jakarta ta kwanan asibiti. A mota ba ta yi magana ba sai sau ɗaya, wai na bar taga a buɗe a bene.

Na dawo gidan da la'asar. Tagar a rufe take. Na zuba wa baƙon mai kafaɗu shayi, tunda ba mai yi.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Kujerun roba na asibiti. Nobu yana amsa saƙonnin ofis. Na karanta bayanin na'urar sayar da shayi daga farko har ƙarshe, akwai kuskure biyu.

Ta farka.

Talata, 26 ga Nuwamba

Ta ce miyar asibiti an nuna mata waken soya ne daga nesa. Likita ya ce alama ce mai kyau.

Nobu ya koma. A tasha ya ce, "Yaya, na leƙa kabad ɗin." Ya tsaya yana gyara igiyar jaka. "Na Baba... da sauri aka ce in kawo." Na ce na sani, ina wurin. Jirgi ya zo.

Lahadi, 1 ga Disamba

Fumino ta ja ni cin taliya bayan ta rufe shago. Ta ba ni labarin duk 'yan ajinmu, wa ya mutu, wa ya kamata. Na yi dariya har na sarƙe. Ta rubuta sabuwar takarda da manyan haruffa ta manna a saman na'urar, daidai ido. Na gyara mata jimlar. Ta ce in na ƙara taɓa mata takarda sai ta ɗauke ni aiki.

Asabar, 7 ga Disamba

An sallamo ta ranar Alhamis. Tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a ƙirji, bakin dai bai samu rauni ba. Hoton yana kabad. Ta ce kada a taɓa shi, kada kuma a ɗora masa bargo mai nauyi.

Na nemi ƙarin sati biyu a ofis. Saboda magunguna ne, suna da yawa, wani kafin abinci wani bayan abinci, kuma ba ta karanta takarda.

Jiya da rana ta fito, na ɗauko kyamarar Baba don in cire batirin kafin ya lalace. Kafin in cire na shiga saitin na mayar da ita ƙaramin awo. Baba Kuwabara ba zai ji daga bakina ba. Mama tana baranda cikin bargo, ta ce, "Kawo nan."

"Tana da nauyi, an ce kada ki ɗaga komai."

"Ɗora min a gwiwa. Je ki tsaya can."

"Mama, ban yi wanka ba."

"Ba wanda zai sansana. Matsa hagu. Ke, daina wannan fuskar ta ofis."

Na ce wace fuska, ita ke nan gare ni, kuma in ta ci gaba da danna abin da ba ta sani ba za ta goge hotunan Baba. Ina cikin faɗa ta danna.

Yau na biya ta shago, da ma zan sayi madara a kusa. Na ba Fumino hoton da Mama ta ɗauke ni, ta wanko, ta miƙo min ambulan tana danne dariya. A karkace yake. Rabin kunnena babu, bishiyar ta fi ni samun wuri, bakina a buɗe. Rigar sanyin Baba ce a jikina, mai ruwan ƙasa, launin da kowane kofi yake ɗauka.

Launin ya fito daidai. Don shi na wanke, in ga ko saitin ya zauna.

Na tambayi Fumino ko tana sayar da ƙananan ƙusoshi. Ba ta sayarwa, ta ba ni biyu daga aljihun tebur.